Kafin Ku Yi wa Motar Furojet Fenti: Darasi Kan Ɗaure Bututun Birki da na Fetur

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan ND II da HND II na sashen injiniyan kanikanci da suka zaɓi ƙera mota a matsayin furojet ɗin bana. Duk wanda ya gifta ta bayan wokshof a 'yan makonnin nan ya san aiki ya kankama. Kowane rukuni hankalinsa na kan abu uku: injin ya tashi, mota ta motsa, fenti ya yi ƙyalli ranar difens. To madalla. Amma abin da nake so mu duba a wannan fitowa ba ya ɗaukar ido ko kaɗan. 'Yan siraran bututu ne da ke bi ta ƙarƙashin mota, wani ɗauke da man birki, wani ɗauke da fetur. Galibi su ake bari sai daren ƙarshe, a lanƙwasa su da hannu, a ɗaure da guntun waya, a ce ai ya yi.

Ku tuna wanda zai zauna a kujerar nan ranar gwaji. Ɗan rukuninku ne, ko kai da kanka, ko ke da kanki. Kuma 'yan ajinmu ne za su kewaye motar suna ɗaukar hoto. In injin ya ƙi tashi, kunya ce kawai da ragin maki. In bututun birki ya tsage kuwa, motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a kowane daƙiƙa, kuma babu abin da zai tsayar da ita sai abin da ta tarar a gabanta.

Abin da bututun ke ɗauke da shi

Mu fara da birki. Duk mun yi dokar Pascal a aji: matsin da aka sa wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. Idan ka taka birki, masta silinda ce ke matsa mai, man ya bi bututu ya je ya tura fistin ɗin da ke taya. Tayar ƙaramar mota, mai faci yakan sa mata iska wajen PSI 32. A cikin bututun birki kuwa, in an taka da ƙarfi, matsin yana haura PSI 1,000. Ninki talatin ke nan da ɗoriya. Bututun da ke riƙe wannan matsi faɗinsa inci 3/16 ne, wato milimita 4.75, kaurin bangonsa kuma kusan milimita 0.7. Bai kai milimita guda ba fa.

Fetur ba shi da irin wannan matsi. Injin mai kafireta PSI 3 zuwa 7 ya ishe shi, in ma tanki na sama da injin kamar na babur, nauyin man kaɗai ke gangaro da shi. Injin mai injekta shi ne ke bukatar PSI 40 zuwa 60. Haɗarin fetur yana wajen tururinsa. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili fetur na fitar da tururin da zai kama wuta, balle a zafin Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan mota yana jiran tartsatsi. Ɗigo kaɗan a kan salansa mai zafi ya isa.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan darasi. Bututu mai kyau da wuya matsi kaɗai ya fasa shi, don an yi shi ya ɗauki fiye da abin da ƙafarka za ta iya ba shi. Abubuwa uku ne ke cin sa a hankali har ya kai ranar da matsin zai ƙarasa shi: girgiza, gogayya da zafi. Dukansu ukun kuwa maganinsu ɗaya ne, wato hanyar da ka bi da bututun da yadda ka ɗaure shi.

Girgiza

Ɗauki guntun waya ka lanƙwasa ta gaba, ka mayar da ita baya, ka yi ta yi. Ba za ka kai ashirin ba za ta yi tauri a wurin, ta karye. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe da muka karanta a darasin ƙarfin kayan aiki. Bututun da aka bari yana lilo tsakanin masta da tayar baya haka yake yi, sai dai lanƙwasar tasa ƙarama ce, ido ba ya gani. Yi lissafi: injin babur mai silinda ɗaya da ke juyi 3,000 a minti yana kaɗa shasi sau 50 a daƙiƙa. A awa ɗaya sau 180,000 ke nan. Ƙara da ramukan hanya. Kuma tsagewar ba a tsakiyar bututu take farawa ba, takan fara a gindin noti, inda bututun ya daina motsi, wurin da ya fi wahalar gani.

Abin daɗi shi ne lissafin yana bayanmu. Bututu tsakanin kilif biyu tamkar bim ne da aka tokare a gefe biyu. Idan ka rage tazarar zuwa rabi, lotsawarsa tana komawa kashi ɗaya cikin 16, saurin kaɗawarsa ta ɗabi'a kuma ya ninka sau huɗu, ya yi nesa da kaɗawar injin. Kilif guda ɗaya da ka ƙara a tsakiya ya yi maka wannan aikin duka.

A Ingila, inda ƙera mota a gida tsohuwar al'ada ce, sai mota ta ci wani bincike da ake kira IVA kafin a ba ta lamba, kuma cikin abin da ake dubawa har da yadda aka ɗaure bututun birki da na mai. Masu ƙera mota a can sun saba da tazarar da ba ta wuce santimita 30 ba tsakanin kilif da kilif. Mu da injinmu ya fi girgiza, hanyarmu kuma ta fi gargada, ina ba da shawarar santimita 20 zuwa 25. Shasi mai tsawon mita biyu da rabi zai ci kilif goma zuwa goma sha biyu a layi ɗaya. Ban da waɗannan, a sa kilif kusa da kowace kwana, a sa wani 'yan santimita kaɗan daga kowace mahaɗa. Mahaɗa mai baki uku, wadda ke raba mai zuwa tayar dama da ta hagu, ita kanta a ɗaure ta da noti a jikin shasi. Haka matatar fetur da famfo: kowanne da mazauninsa. Bututu ba maratayi ba ne, kada ya ɗauki nauyin komai.

Gogayya

Lokacin da nake SIWES a wani gareji, an jawo wata mota da direbanta ya ce birki ya nutse masa har ƙasa a bakin shataletale, Allah ne ya kiyaye babu kowa a gabansa. Da aka ɗaga ta, Oga ya kira ni. "Ɗan makaranta, zo ka ga abin da ba a rubuta muku a allo ba." Wani kilif ne ya ɓalle, aka maye gurbinsa da waya. Bututun ya jingina da gefen wani ƙarfe, yana gogarsa kaɗan-kaɗan. Wurin ya yi sumul yana ƙyalli kamar an bi shi da zarto mai laushi, a tsakiyarsa ga ɗan rami da bai fi kan allura ba. Na ce, "Oga, wannan ɗan ramin ne ya zubar da man duka?" Ya ce, "Taka uku ya ishe shi."

Ka'idar a nan gajeriya ce: bututu ba ya taɓa komai sai robar kilif ɗinsa. Kilif ɗin da ya dace shi ne mai siffar harafin P, na ƙarfe, wanda aka lulluɓe cikinsa da roba, kuma girmansa daidai da bututun. In ya yi masa yawa, bututun zai riƙa rawa a ciki. In ya matse ƙwarai, zai lotsa shi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka ɗaure, ja bututun da yatsu biyu. Kada ya zame, kada ya juya.

Igiyar robar nan mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, ku bar ta a aikin waya. Rana da zafin injin suna busar da ita ta karye, kafin ta karye kuma tana danne bututu a jikin ƙarfe kai-tsaye, ƙura ta shiga tsakani ta zama sanfefa. Waya kuwa ta fi ta muni, don ita da kanta take yanka. Guntun tuf na babur da wasu ke naɗawa ya fi babu, amma yana riƙe ruwa, tsatsa ta ci bututun a ɓoye.

Inda bututu zai ratsa falle, kamar bangon da ya raba injin da direba, a huda rami mai ɗan faɗi, a goge bakinsa, a sa zoben roba, sannan a kafa kilif a kowane gefe don bututun ya tsaya a tsakiyar ramin. Inda bututu biyu ke tafiya tare, a bar ratar da yatsa zai shiga tsakaninsu, ko a yi amfani da kilif mai gida biyu. Kada a ɗaure na fetur a jikin na birki, kada kuma a ɗaure waya a jikin kowannensu.

Ta yaya za a kafa kilif ɗin a shasi? Mafi kyau a yanka 'yan ƙananan kunnuwan ƙarfe, a huda su, a yi musu walda a jikin shasi tun kafin fenti, tun kafin bututu ko ɗaya ya hau motar. Wannan ne dalilin da na ce a yi wannan tunani da wuri. Huda bututun shasi barkatai yana raunana shi, kuma ruwa na shiga ta ramin ya yi tsatsa daga ciki. In dole sai an huda, ribit ya fi sukurun da ke yanka wa kansa hanya, don sukuru a siririn ƙarfe girgiza na kwance shi. A kan kunne kuwa a sa noti mai roba a ciki, wanda ba ya warwarewa da kansa. Kuma don Allah, da zarar fetur ya taɓa shiga layin nan, babu sauran walda a kusa da shi.

Zafi

Duba jikin gwangwanin man birki, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230. Sai dai man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma in ya sha ruwa adadin kan sauko zuwa wajen 140 da 155. Bakin salansa kusa da injin yana wuce digiri 500 in ana aiki. To in bututun birki ya bi ta gefensa, man ya tafasa, kumfa ta samu. Ruwa ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa. Sai ka taka birki ka ji shi laushi kamar soso, alhali babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Bayan mota ta huce birki ya dawo daidai, ka yi ta neman matsala ka rasa.

Fetur ma haka yake, shi da ma ba ya bukatar zafi mai yawa kafin ya zama tururi a cikin bututu. Shi ne za ka ga mota ta mutu da tsakar rana, a yi ta zargin kafireta.

Saboda haka salansa ta bi gefe ɗaya na motar, bututu su bi ɗaya gefen. In wuri ya ƙure dole sai sun kusanci juna, a bar aƙalla santimita 15, a kafa fallen alminiyam a tsakani, da rata ta iska a kowane gefensa. Fallen da ya manne da bututu ba kariya ba ne, faranti ne na suya. Kuma ko da tazara, kada mahaɗar fetur ta kasance a saman salansa, ko saman batir, ko saman sitata. Tambayi kanka a kan kowace mahaɗa: in wannan ta yi ɗigo, a kan me zai sauka? In waya da bututun fetur za su bi hanya ɗaya, waya ta kasance a sama, da rata tsakaninsu.

Kayan da za a saya

Duk ɗaurin duniya ba zai ceci bututun da bai dace ba. Na birki iri biyu ne. Akwai na baƙin ƙarfe mai bango biyu, irin wanda yawancin motoci ke fitowa da shi daga kamfani. Akwai kuma na haɗin jan ƙarfe da nikel, kusan kashi 90 da kashi 10, wanda Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976. Wannan na biyun ya fi daɗin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa, amma da yake ya fi laushi, ya fi bukatar kilif kusa-kusa.

Bututun jan ƙarfe zalla na firji da na'urar sanyaya ɗaki yana kama da shi, yana da araha, ga shi ko'ina. Kada ku sa shi a birki. Jan ƙarfe zalla yana saurin yin tauri in ana girgiza shi, ya tsage ba sallama. Araha ba ta ado, balle a birki. In kun shiga kasuwa, ko Panteka ce a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ku faɗa wa mai kaya ƙarara cewa na birkin mota kuke nema. In kuma tsohon bututu za ku ciro daga wata mota, ku bi shi da ido da yatsa daga farko har ƙarshe. Tsatsa mai rami, lotsawa ko wurin da ya goge, a ajiye shi.

Tiyon roba ma kowanne da aikinsa, kuma a rubuce yake a jikinsa. Na birki za ka ga SAE J1401. Na fetur SAE J30: mai R7 na injin kafireta ne, mai R9 na injekta. Tiyon ruwa, tiyon gas na kicin, da farin tiyon nan da ake ganin mai ta cikinsa a janareta, duk ba su da hurumi a nan. Farin nan watanni kaɗan yake yi ya bushe ya yi tauri kamar kara. Tiyon da babu rubutu a jikinsa, a bar wa mai shi kayansa. A dogon zango daga tanki zuwa injin a yi amfani da bututun ƙarfe, roba ta tsaya a gajerun wurare na farko da ƙarshe.

Bakin bututu da noti

Bakin bututun birki ana buɗa shi ya yi leɓe, leɓen ne ke toshe mai in noti ya danne shi. Iri biyu ake amfani da su a mota: leɓe mai ninki biyu, wanda aka fi gani a motocin Japan da Amurka, da leɓe mai kumburi kamar kan albasa, wanda aka fi gani a motocin Turai. Ba sa shiga gidan juna. Motar furojet kuwa sau da yawa gauraye ce, masta daga nan, kalifa daga can. Leƙa cikin kowane rami ka ga irin mazaunin da ke ciki kafin ka yi leɓe. Leɓe mai falle ɗaya, irin na masu gyaran firji, yana tsagewa a birki. Mahaɗar masu famfo mai ɗan zobe da ake matsewa ita ma ba ta birki ba ce, matsi na iya fizge bututun daga cikinta.

Akwai wani tarko a wajen noti. Mai awon M10×1 da mai awon inci 3/8-24 a ido kamar tagwaye suke. Na incin faɗinsa milimita 9.5 ne, don haka yana shiga ramin M10 ya yi kamar ya kama, amma haƙoransa a gefe-gefe kawai suke riƙe. Ranar da aka taka birki da gaske sai ya tsinke. In noti na girgiɗi a rami kafin ya kai ƙarshe, tsaya ka auna. Kowane noti a fara murɗa shi da yatsu, sai ya shiga lafiya sannan a sa sifana. Farin tef ɗin masu famfo ba ya aiki a nan, don haƙoran noti ba su ne ke toshe man ba, kuma guntunsa na iya shiga cikin layi.

Wajen lanƙwasa, fara da wayar walda: bi hanyar da ita, ka fitar da siffar, sannan ka kwaikwaya a bututu. Yi amfani da abin lanƙwasa bututu na wokshof. In babu, naɗa shi a jikin wani abu mai zagaye, kamar babban soket. Wurin da ya karye ya yi kwana mai kaifi ba a miƙe shi, yanke wannan zangon ake yi a sake. Yanka da abin yankan bututu, ka goge bakin, ka hure ƙurar ƙarfen. Sannan ka zura noti kafin ka yi leɓe. Duk bakaniken da ka gaya wa wannan sai ya yi dariya, ya san dalili.

A layin fetur, bakin bututun ƙarfe da tiyo zai hau yana son ɗan kumburi, a ɗaure kilif a bayan kumburin. Bututu mai santsi tiyo na zamewa daga kansa, musamman a injekta.

Inda abu ke motsi

Taya na hawa da sauka, ta gaba kuma tana juyawa. Injin ma yana rawa a kan injin-sit. Duk inda layi zai tsallaka daga abin da ke tsaye zuwa abin da ke motsi, tiyo ne zai yi tsallaken. Inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyon birki kuma dole a sami kunne mai ƙarfi a jikin shasi da ya riƙe mahaɗar, in ba haka ba duk motsin taya a kan leɓen bututun zai ƙare.

Tsawon tiyo sai an gwada. Ɗaga motar a jak har taya ta rataya, murɗa sitiyari ƙarshen dama, ka murɗa ƙarshen hagu. Sauke ta, mutum biyu ko uku su hau su danna, a sake murɗawa. A duk yanayin nan tiyo kada ya miƙe tsaf, kada ya taɓa taya, rim, sifirin ko shokabzoba. Dubi layin da aka zana ko rubutun da ke jikinsa: in ya murɗe kamar igiya, kwance ka sake ɗaurawa. Masu injin babur a baya, ku kula da sarƙa. Ranar da ta tsinke tana dukan duk abin da ke kusa, don haka kada layi ya bi ta inda za ta iya kaiwa.

Hanyar da za a bi

Bututu ya bi ta cikin gefen ƙarfen shasi, inda ƙarfen zai kare shi. Kada ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙarƙashin shasi daga gefe zuwa gefe: in katakon ya taɓa bututu, tudun rage gudu na bakin get ma zai taɓa shi. Ku kauce wa wurin da ake sa jak, da bayan taya inda tsakuwa ke fallatsa. Fetur kada ya bi ta inda direba ke zaune. Bututun numfashin tanki a fitar da shi waje, nesa da salansa. In tanki na sama da injin, a sa makunnin rufe mai a gindinsa. In famfon lantarki ne, ya bi ta fis, kuma ya mutu da zarar an kashe makulli.

Wani abu kuma: ku nemi masta mai gida biyu, wadda ke raba birki layi biyu. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurka ta wajabta wannan tsari a sababbin motoci, yau kuma ko'ina shi ake yi. In layi ɗaya ya fashe, ɗayan zai rage maka abin tsayawa. Amma in ka haɗa layukan biyu a wuri ɗaya mai haɗari, abin da ya yanke ɗaya zai yanke ɗayan. Birkin hannu mai waya shi ma kada a ce sai daga baya.

Gwaji kafin kowa ya hau

Ku kira malamin da ke duba aikinku ko mai kula da wokshof ya tsaya a kai, sannan ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

1. A cire iska daga birki, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Da sabon mai daga rufaffen gwangwani.
2. Mutum ɗaya ya taka birki da iya ƙarfinsa ya riƙe daƙiƙa 30. In feda na nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji.
3. Yana riƙe, wani ya bi kowace mahaɗa da farar takarda. Takarda na nuna danshin da ido bai gani ba.
4. A buɗe fetur ko a kunna famfo ba tare da tayar da injin ba. A duba, a shinshina. A fili za a yi wannan, da tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.
5. A tayar da injin, a ƙara totur a hankali, a kalli bututun. Duk zangon da ka ga yana rawa ko ka ji yana ƙara, kilif yake nema.
6. Gwajin farko a filin da babu jama'a, da gudun da bai fi na mai tafiya a ƙafa ba, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan.
7. Bayan an dawo, a sake shiga ƙarƙashi da tocila. A nemi wurin da ya yi ƙyalli ko fenti ya goge, a sake taɓa kowane noti.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabannin rukuni: ku ware mutum ɗaya tun yau, aikinsa ke nan, layin birki da na fetur. Ya ɗauki alli ya zana hanyarsu a jikin shasi tun ƙarfe na tsirara, ya ƙirga kunnuwa, ya sa kuɗin kilif da tiyo a kasafi tun kafin kuɗin fenti ya cinye komai. Zanen hanyar, da lissafin tazarar kilif, da sakamakon gwajin nan bakwai, duk abin sawa ne a rahoton furojet, kuma amsa ce a shirye in mai jarrabawa daga waje ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar.

Wanda ke da tambaya ya same ni a wokshof bayan la'asar, mu shiga ƙarƙashin motar tare. Allah ya ba mu sa'ar difens, ya sa mu gama lafiya.